Kwibuka da Wasannin Share Fage: Wanne Ke Raya Kurket Ɗin Matan Afirka?

Ranar 18 ga Yunin 2019, 'yan wasan kurket mata na ƙasar Mali suka shiga fili a Kigali don karawa da masu masaukin baƙi, Ruwanda. Wasansu na farko ke nan da hukumar kurket ta duniya, ICC, ta rubuta a kundinta. Kafin a ce kwabo an fitar da masu bugunsu goma, maki shida kacal ne a allo. A cikin shidan ma ɗaya tak suka samo da sandarsu, sauran biyar daga kurakuran masu jifan Ruwanda suka fito. Da aka juya, jifa huɗu suka ishi Ruwanda ta wuce su. Bayan kwana biyu Uganda ta tara maki 314 a kansu, su kuma suka tsaya a 10. Labarin ya karaɗe duniya, kuma masana wasan da dama suka fara tambaya ko ya dace a riƙa lissafa irin wannan karawa a matsayin wasan ƙasa da ƙasa.

Gasar da wannan ya faru a cikinta ita ce Kwibuka, wadda hukumar kurket ta Ruwanda ke shiryawa. Ita ce ɗaya daga cikin manyan hanyoyi biyu da ƙananan ƙasashen Afirka ke samun wasa. Ta biyun ita ce wasannin share fage na shiga gasar cin kofin duniya, waɗanda ICC da kanta ke gudanarwa. Duk salon wasa ɗaya ake yi a cikinsu, wato T20: kowane ɓangare na da zagaye ashirin, kowane zagaye jifa shida, wanda ya fi tara maki ya yi nasara, a gama cikin kamar awa uku. Sau da yawa ma ƙasashe iri ɗaya ne ke haɗuwa nan da can. Amma aikin da kowacce ke yi wa 'yar wasa ya sha bamban, kuma hukumar da aljihunta bai da nauyi dole ta san inda za ta fi zuba ƙarfinta.

Share fage ba ta da wata manufa sai tacewa. A tara ƙasashe na mako ɗaya ko kwana goma, a raba su rukuni-rukuni, ɗaya ko biyu su wuce, sauran su koma gida sai kuma wani zagayen, wanda yakan ɗauki shekara biyu. Alherinta a fili yake. Ita kaɗai ce ƙofar shiga kofin duniya. Hukumar duniya ce ke ɗauke da nauyin shirya ta, ita ke turo alƙalai, kuma ƙasa ba ta jiran wani ya ga dama ya gayyace ta. A 2023 an raba wasannin Afirka gida biyu, ƙaramin aji a Gaborone ta Botswana a watan Satumba, babban aji a Entebbe ta Uganda a Disamba. Wannan rabo na rage irin abin da ya sami Mali, domin sabon shiga ba ya faɗawa hannun gwanaye tun ranar farko. Akwai kuma wani abu da babu gasar sada zumunta da za ta iya bayarwa: fargabar sanin cewa kuskure guda zai iya rushe aikin shekara biyu. 'Yar wasan da ba ta taɓa riƙe ƙwallo a irin wannan hali ba, da sauranta.

Sai dai ƙofar ƙunci gare ta. Zimbabwe, wadda cikakkiyar mamba ce a ICC, ita ta lashe wasannin Afirka a Harare a 2019, ta sake lashewa a Gaborone a 2021, ta kuma wuce daga Entebbe tare da Uganda a 2023. Wanda ya wuce ma bai isa ba tukuna, akwai wani tankaɗen na duniya baki ɗaya a gabansa. A na 2024 da aka yi a Abu Dhabi, Sri Lanka da Scotland ne suka karɓe gurabe biyun. Har zuwa kofin duniya na 2024, wanda ƙasashe goma suka buga, Afirka ta Kudu ce kaɗai ƙasar nahiyar da ta taɓa halartar gasar T20 ta manyan mata. Abin da ya sami Zimbabwe a 2019 ma ya isa misali. Matan sun ci wasanninsu a fili, sai ICC ta dakatar da hukumar kurket ta ƙasar a watan Yuli saboda katsalandan na gwamnati, aka miƙa gurbinsu ga Namibiya. Laifin manya ne a ofis, 'yan wasa suka biya. Ƙasar da ta jingina dukkan shirinta a kan share fage, ta jingina shi ne a kan mako guda da ruwan sama, ko rauni, ko rikicin shugabanni zai iya kwashewa.

Kwibuka kuwa daga wani tushe dabam ta fito. An fara ta a 2014, shekara ashirin bayan kisan ƙare dangi da aka yi wa 'yan ƙabilar Tutsi a 1994, kuma don tunawa da waɗanda aka kashe ake yin ta. Shi ya sa take faɗowa a watan Yuni, cikin kwanaki ɗari na juyayi da ƙasar ke farawa kowace 7 ga Afrilu. Shi kansa wasan baƙo ne a Ruwanda. Ƙasar ba ta cikin waɗanda Ingila ta yi wa mulkin mallaka. 'Yan gudun hijirar da suka girma a Uganda da Kenya ne suka dawo da shi gida bayan yaƙi, ƙasar ta shiga ICC a 2003. Filin da suka daɗe suna amfani da shi na wata makarantar koyon sana'a ne a unguwar Kicukiro, inda dubban mutane suka fake a Afrilun 1994, dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya suka janye suka bar su, aka hallaka mafi yawansu. A wannan ƙasa yaran da aka haifa bayan bala'in suka koyi riƙe sanda. Wanda ya san haka ba zai kalli gasar a matsayin motsa jiki kawai ba.

Da farko ƙasashe biyu ne kawai, Ruwanda da Uganda. Kenya ta shigo, sannan Tanzaniya. Abubuwa biyu suka ɗaga darajarta. Na farko shi ne filin Gahanga da aka buɗe a Oktoban 2017 a gefen Kigali, mai shimfiɗar ciyawa ta gaske, da rumfa mai rufin baka uku a jere, kowanne bai kai na gabansa tsayi ba, an gina su da ƙananan tubalan da aka buga a wurin. Don a tara kuɗin ginin, kyaftin ɗin maza Eric Dusingizimana ya yi awa 51 yana bugun ƙwallo a ragar atisaye a 2016, Cathia Uwamahoro ta ƙungiyar mata ta yi awa 26 a shekarar da ta biyo. Batun ciyawar nan ba ƙarami ba ne. A ƙasashe da yawa da wasan bai yi ƙarfi ba, a kan daɓen siminti da aka shimfiɗa wa darduma ake koyo, inda ƙwallo ke tashi iri ɗaya kullum. A kan ciyawa kuwa tana iya karkacewa, ta yi ƙasa-ƙasa, ta canza hali tsakanin safe da la'asar. Wadda ba ta saba ba, sai ta ga ƙwallon ta wuce ta ta kwashe sanduna ukun da ke bayanta tun ba ta gama ɗaga hannu ba.

Na biyu shi ne hukuncin ICC cewa daga 1 ga Yulin 2018, duk wasan T20 tsakanin ƙungiyoyin mata na ƙasashe mambobinta cikakken wasan ƙasa da ƙasa ne. Wannan hukunci shi ya sa makin Mali shida ya shiga kundin tarihi, shi ne kuma ya sa nasara a Kigali ke motsa matsayin ƙasa a jadawalin duniya. Daga nan baƙi suka ƙaru. Najeriya da Namibiya da Botswana sun je a 2021, Brazil da Jamus suka tsallako teku a 2022. A irin wannan taro ƙungiya kan buga wasa shida ko bakwai cikin kwana goma, kusan kullum tana fili.

Ga hujjar da ta fi gamsar da ni. Ruwanda ta yi ta shirya gasar nan tana kallon baƙi na tafiya da kofin: Uganda, Kenya, Tanzaniya, kowacce ta ɗauka fiye da sau ɗaya. Sai a 2023, shekara tara da farawa, ta doke Uganda a wasan ƙarshe ta riƙe kofinta a gida. Shekarun nan na shan kashi a gaban 'yan kallonta ba su tafi a banza ba. A cikinsu aka sa ƙananan yara a wasan manya, suka yi kuskure, aka sake sa su washegari. A share fage koci ba ya iya wannan kasada, domin wasa ɗaya ya ɓaci shi ke nan. A Janairun 2023 'yan ƙasa da shekara 19 na Ruwanda suka je kofin duniya na farko na wannan rukuni a Afirka ta Kudu, suka doke Zimbabwe, suka doke West Indies. A wasan Zimbabwe, Henriette Ishimwe ta fitar da masu bugu huɗu da jifa huɗu a jere, ta rufe wasan. Ba ranar ta fara ganin babban fili ba, ta riga ta buga wa manyan ƙasarta a Kwibuka. A watan Maris na shekarar ICC ta zaɓe ta gwarzuwar 'yar wasan wata ta duniya.

Gaskiya ne cewa ta ƙofar share fage yaran suka bi suka isa Afirka ta Kudu, sun lashe wasannin yankin Afirka a Botswana a 2022. Ba don ƙofar ba, da duniya ba ta gan su ba. Amma ƙofa ba ta koya wa kowa tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a Gahanga aka fafe nasu.

Labarin Najeriya ya bi sawu ɗaya. Bayan zuwanta Kigali a 2021, hukumar kurket ta ƙasa ta buɗe tata gasar ta gayyata a filin da ke dandalin Tafawa Balewa a Legas a 2022. Ruwanda ta zo ta ɗauke kofin farko, Najeriya ta rama a 2023. Saliyo da Ghana da Gambiya da Kamaru, waɗanda tafiya gabashin Afirka ke musu tsada, suka sami wurin wasa kusa da gida. A Maris na 2024 matan Najeriya suka doke Uganda suka ci tagulla a gasar wasannin motsa jiki ta nahiyar Afirka a Accra. A Janairun 2025 kuma, a Malesiya, 'yan ƙasa da shekara 19 ƙarƙashin kyaftin Lucky Piety suka tara 65 a wasan da ruwan sama ya rage zuwa zagaye goma sha uku, suka tsare New Zealand a 63. Maki biyu ne tsakani, a kan ƙasar da manyanta ke riƙe da kofin duniya a lokacin. Ƙungiyar da ba ta saba da wasa mai zafi ba, hannunta rawa yake yi a zagayen ƙarshe na irin wannan rana.

Kwibuka na da nata rauni, kuma bai kamata a rufe shi ba. Gasar gayyata ce, ta dogara da ƙoƙarin ƙaramar hukuma guda da masu tallafa mata, kuma jerin mahalarta na canzawa daga shekara zuwa shekara. An soke ta 2020 saboda annobar korona, Uganda ta janye a 2021 da cutar ta ɓulla a sansaninta. Wanda ya ci kofinta ba ya wucewa ko'ina. Ba ta kuma da aji-aji, shi ya sa abin Mali ya faru. Ban yarda da masu cewa duk kashin da aka sha darasi ne ba. Yarinyar da aka tura fili ba a koya mata tsayuwa ba, aka fitar da ita jifar farko, sannan ta ga sunan ƙasarta ya zama abin dariya a intanet, tana iya ajiye sandar har abada. Amma maganin wannan ba hana Mali fita ba ne. Maganinsa shi ne ta fara da sa'o'inta, a gasa ta kusa, sau da yawa, kafin ta tunkari Uganda. Ma'ana dai, irin Kwibuka ake buƙata a ƙara, kowane yanki da tasa.

Idan aka ce lallai in fifita ɗaya, Kwibuka zan fifita. Share fage na nuna wa ƙasa inda ta tsaya, sau ɗaya a shekara biyu, kuma ga mafi yawan ƙasashen Afirka amsar sananniya ce tun kafin a tashi daga gida. Kwibuka ce ke sauya amsar a hankali. Share fage ba za ta rasa mai kula da ita ba, tunda ICC na bayanta. Gasannin yanki ne marayu, kuma su ne ake fara yankewa idan kuɗi ya yi ƙaranci.

Don haka kirana ga hukumar kurket ta Najeriya da masu tallafa mata shi ne kada a bar gasar Legas ta tsallake ko da shekara ɗaya, a kafa mata wata tabbatacce kamar yadda kowa ya san Yuni na Kigali ne, a kuma riƙa taimaka wa ƙasashen yankin irin su Mali da Gambiya da kuɗin mota ko na jirgi su zo. ICC kuma ta ware wa irin waɗannan gasanni kaso na dindindin daga kuɗin raya wasa, tun da 'yan matan da take alfahari da su a kofin duniya a can aka rene su.