A Tursa, Jinin Ɓari Ba Ya Jiran Asuba

A Tursa da ke ƙaramar hukumar Rabah ta jihar Sakkwato, idan mace ta yi ɓari da dare, ungozoma ake fara kira. A jiƙa magani, a yi tofi, a canja mata zane. Maigida kuwa yana zaure yana lissafin babur da kuɗin mai da hanya. Tun harin Tabanni na 2018 da na kasuwar Goronyo a 2021, ba kowane ɗan kabu-kabu ke yarda ya fita bayan isha'i ba. Sai a jira gari ya waye, jini na zuba.

Ko an isa ƙaramin asibiti, da sauran rina a kaba. Abin da take bukata wankin ciki ne, ko ƙwayar misoprostol da ke fitar da ragowar abin da ya maƙale a mahaifa. To, ƙwayar nan ita ce kuma masu zubar da ciki ke nema a ɓoye. Shi ya sa wata malamar asibitin takan tsaya tambaya kafin ta taɓa mara lafiya: ina mijinki, wata nawa, me kika sha? In bazawara ce, ko wadda miji ya daɗe a ci-rani, tambayar sai ta koma tuhuma. Wata don gudun wannan kallo gara ta kwanta a ɗaka.

Dokar kanta tsohuwa ce. Kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda ke aiki tun 1960, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 kan zubar da ciki, sai in don ceton ran uwa aka yi. Malikiyya ma ta tsaurara, kuma a nan ba a jin mai neman a sassauta. Amma jinyar wadda ta yi ɓari ba laifi ba ce, a kotu ko a wurin malamai. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin zubar da ciki don ceton ran uwa a 2018. Da Legas ta fitar da nata a 2022, ƙorafin shugabannin addini ya sa gwamna ya dakatar da su cikin 'yan kwanaki. Ma'aikaciyar ƙauye da ta ji haka, ai sai ta ƙara kama kanta.

Abin takaici, Sakkwato ta taɓa yin fice a wannan fanni. A 2013 jihar ta fara raba misoprostol gida-gida don tsayar da jinin haihuwa, tare da maganin cibiyar jarirai, da tallafin hukumar USAID ta Amurka. A Janairun 2025 shugaban Amurka Trump ya dawo da dokar hana tallafi ga ƙungiyoyin waje masu ko da ba da shawara kan zubar da ciki, a shekarar kuma aka rushe USAID ɗin. Rigimar ta Amurkawa ce, amma horon ungozomomi da maganin tazarar haihuwa na karkara suna cikin abin da ta shafa.

Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa a duniya dalilin ciki da haihuwa 'yan Najeriya ne. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta jihar ta rubuta wa kowane asibitin ƙauye ƙarara cewa a tsayar da jini tukuna, tambaya ta biyo baya, limamai kuma su faɗi haka a huɗubar Juma'a.