Kafin Ka Shafa wa Sassaƙarka Banish

Aikin da ɗalibi ya kwashe mako uku yana yi a ɗakin fasaha, sau da yawa a minti goma na ƙarshe yake lalacewa. An sassaƙa doki ko tsuntsu, an goge, an yi masa fenti, sai ga ranar miƙa wa malami ta matso. Da daddare a ɗauko ragowar banish da aka roƙo wurin kafinta a laɓta. Gari na wayewa a tarar fari ya koma ruwan ɗorawa, ja ya malala cikin shuɗi, ƙura ta manne kamar an barbaɗa gari. Maki ya tafi, wahala ta tashi a banza.

Banish dai ruwa ne garai-garai da ke bushewa ya zama siririyar fata a kan itace. Amfaninsa ya wuce ƙyalli. Itace ko an sare shi bai daina motsi ba: da damina yana shan danshi ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke. Wannan kai-kawo ne ke tsattsaga fenti har ya riƙa ɓarewa. Banish ba ya hana motsin ɗungurungum, amma yana rage saurinsa, yana kuma tare dattin hannu da maiƙo.

Kafin ku tambayi wane banish za ku saya, ƙannena, ku fara tambayar kanku wane fenti kuka shafa. A nan aka fi yin ɓarna.

Yawancin 'yan sakandare kalar fosta suke amfani da ita, don ita ce mai araha. Matsalarta ko ta bushe, ruwa na taɓa ta sai ta narke. Idan ka bi ta da burushi ɗauke da banish na ruwa, kalolin za su bi burushin su cakuɗe. Haka tawadar da ake yi wa allon zayyana ado da ita take. Irin wannan aiki feshi yake so: a nisanta gwangwani kamar santimita 25 zuwa 30, a fesa sama-sama, a bari ya bushe, a sake. Sai kalar ta kulle sannan burushi zai iya taɓa ta. In ba ka tabbatar da irin fentinka ba, jiƙa auduga ka ɗan goga a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Idan kala ta biyo audugar, ka san inda ka tsaya.

Fentin akrilik ya fi sauƙin sha'ani, amma yana da yaudara. Cikin rabin awa za ka taɓa ka ji ya bushe, alhali cikinsa da sauran ruwa. A ba shi kwana biyu ko uku. Fentin mai irin na ƙofa da taga ya fi haka jinkiri, gara a ba shi mako guda ko fiye. Kuma kada a kusance shi da banish ɗin nan na kafintoci da ake sirkawa da tina mai ƙarfi, domin tinar kan ci fentin ya yamutse kamar fatar tsoho.

Su ma banish ɗin iri-iri ne. Wanda ya fi yawa a shagunan fenti shi ne foliyuretan, dangin robar da Otto Bayer da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Jamus a 1937. Na mai yana da ƙarfi ƙwarai, sai dai yana da launin zuma, kuma launin na ƙaruwa da shekaru. A kan itace tsura ko jar kala yana da kyau. A kan fari ko shuɗi mai haske kuwa ɓata aiki yake. Na ruwa a gwangwani kamar madara yake, amma yana bushewa garau, warinsa kaɗan ne, kuma da ruwa ake wanke burushinsa. Akwai kuma shalak, wanda ake samu daga wani ƙaro da ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin bishiyoyi a Indiya da Tailan, a narka shi da sifirit. Yana bushewa da wuri, amma ba ya jure zafi sosai.

A ganina, ɗalibin da ya yi sassaƙa mai kaloli ya nemi na ruwa, marar ƙyalli ko mai matsakaicin ƙyalli. Na san da yawa sun fi son abu ya yi ta walƙiya kamar sabuwar mota. Amma kyan sassaƙa yana cikin inuwar da ke kwanciya a ramukanta, kuma ƙyalli mai yawa yana kashe wannan inuwa, aikin hannu ya koma kamar robar kasuwa.

Wajen shafawa, a juya banish da tsinke a hankali. Kada a girgiza gwangwani, kumfa zai yi, kumfan kuma ya bushe a jikin aikin. Juyawar dole ce ga marar ƙyalli, saboda garin da ke rage ƙyallin a ƙasa yake kwanciya. A tsoma bakin burushi kawai. Shafi siriri sau biyu ko uku ya fi mai kauri sau ɗaya nesa ba kusa ba.

Sassaƙa ba kamar tebur ba ce. Tana da kwari da tudu, banish kuwa gangara yake bi ya taru a idon doki ko tsakanin gashin fiffike, ya cike zanen da ka sha wuya kafin ka fitar. Don haka ka ajiye busasshen ƙaramin burushi a gefe, kana shafawa kana tsane duk inda ya kwanta. Ƙarƙashin aikin ma a shafa, domin ta bakin da aka yanke itace danshi ya fi shiga. Bayan shafi na biyu ya bushe ana iya bi da sanfefa mai laushi, lamba 320 ko 400, da sauƙin hannu. A gefuna masu kaifi a yi hattara, nan take sanfefa ke cinye banish ta kai ga fenti.

Sai yanayi. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba: a yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, a gama shafawa a kife kwali mai tsabta a kai, a ɗan ɗaga gefensa iska ta shiga. A tsakiyar damina kuma danshi kan sa shalak da na feshi su yi hazo fari, don haka a jira ranar da gari ya washe. Kada a shanya a rana don a yi sauri. Sama zai bushe, ƙasa ya yi ƙuraje.

Banish na mai da na feshi wuta na kama su, warinsu kuma yana sa jiri. A yi aikin inda iska ke ratsawa, nesa da murhu da risho. Tsumman da ya sha mai kada a dunƙule shi a jefa a lungu, domin yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. A baza shi a waje ya bushe.

Akwai kayan da ba ruwansu da banish. Akushi da ludayi da muciya abinci suke taɓawa, ɗan man girki ya ishe su. Haka tsohuwar kujera ko ƙyauren gado da ke gidan kakanni: tsufan nan da ke jikinsu shi ne darajarsu a wurin masana kayan tarihi, kuma banish in ya shige ramukan tsohon itace da wuya a fitar da shi. Wanda hannunsa ke ƙaiƙayi ya samo guntun katako, ya yi masa fenti iri ɗaya da na aikinsa, ya fara gwadawa a kai tun ana saura mako guda a miƙa aiki.