KAFIN A AZA TUBALI, A TAMBAYI MASU GARI



Idan damana ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, sai lokacin gini ya zo. Wani gari yana son ajin lakwal, wani yana son ɗakin likita ko rumbun tsimi. Sau da yawa zanen ginin daga birni yake zuwa. Mota ta sauke siminti da kwano, a yi gini, a miƙa wa mai gari mabuɗi. Daga baya sai a ga an toshe burtali, ko an gina a hanyar ruwa, ko kuma zafin kwano ya hana yara zama. Wanda ya yi zanen bai taɓa kwana a garin ba. Ai mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

Maganar ba ƙarama ba ce. Inda babu aji mai ƙwari, a rumfar zana yara suke karatu. A watan Afrilu na 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. A watan Nuwamba na shekarar kuma aka yi irinta a Maraɗi, aka rasa yara aƙalla 25. Allah ya jiƙansu. Muna bukatar gini mai ƙwari wanda ba ya fin ƙarfin aljihunmu. Hanya ɗaya ita ce masu zanen gini su zauna da mutanen gari tun farko, a tsara tare. Ga inda aka yi haka.

MASALLACIN YAMA

Yama gari ne a jahar Tawa. A 1962 dattawan garin suka yi shawarar gina masallacin Juma'a. Su suka faɗi irin ginin da suke so, suka danƙa aikin ga wani maginin garin, Falke Barmu, wanda shi ma manomi ne. Kowane gida ya kawo abin da zai iya. Wasu suka buga tubali, wasu suka ɗebo ruwa, wasu suka kawo itace. Daga 1975 zuwa 1982 aka gyara rufin, aka ɗora tulluwa, aka ƙara hasumiya 4, kowace da siffarta. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan, wadda ake ba gine-gine masu daraja a duniyar Musulmi. Kuma da ƙasa aka gina shi.

GINI BA ITACE

A 1980, a Cikal ta ƙasar Filinge, wata ƙungiya mai suna Development Workshop ta fara koya wa magina rufin ɗaki da tubali kaɗai, ba azara. Dabarar daga kudancin Masar ta fito. Ana jera tubali a karkace, kowane layi yana jingine da na bayansa, har su haɗu a sama. Cikin gine-ginen farko akwai ɗakin yaƙi da jahilci. Maginan da suka koya sun koya wa wasu, aikin ya bazu har Mali da Barkina Faso.

Wannan ya shafe mu. Ƙasar Magarya da Matamai da Mirya ta yi suna saboda gawo da manoma suka raya a gonakinsu. Itacen da muka raya da wahala, kada rufin ɗaki ya cinye shi. Amma a lura: ƙasarmu yawancinta jigawa ce, ruwan sama kuma ya fi na arewa. Irin wannan rufi yana son tubalin laka mai kyau, da indararo, da yaɓe a kan kari. Magininku shi ya san ramin da ƙasarsa ke kamawa. A tambaye shi.

DANDAJI DA GANDO

A Dandaji, ita ma a jahar Tawa, tsohon masallaci ya yi wa jama'a kaɗan. Wata ƴar ƙasa mai zanen gini, Mariam Kamara, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka yi ta zama da dattawa da mata da magina. Aka tsai da shawara kada a rushe tsohon masallacin, a mai da shi ɗakin karatu. A gefensa aka gina sabo mai ɗaukar mutum wajen 1,000, da tubalin jar ƙasa da ake matsewa da inji. An gama a 2018. Magina na gargajiya suna cikin waɗanda suka gyara tsohon ginin.

A Gando ta Barkina Faso kuwa, ɗan mai gari ne, Francis Kéré, ya yi karatun gini a Jamus. Da ya ce da ƙasa za a gina lakwal, mutanensa suka yi shakka, don sun san yadda ruwa ke cin bangon ƙasa. Sai ya nuna masu a aikace. Ya ƙara wa tubalin ɗan siminti. Ya ɗaga kwanon sama, nesa da rufin tubali, iska na ratsawa tsakani, bakin kwanon kuma ya zarce bango yana kare shi daga ruwa. Maza da mata da yara duk suka sa hannu. An gama aji 3 a 2001. A 2022 Kéré ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a sana'ar. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta.

YAYA ZA MU YI A GARINMU?

1. A kira taro kafin a yi zane. Mai gari da liman da magina da malamin lakwal su zo. A aika wa ardo, don makiyayi shi ya san burtali da mashaya.

2. Mata su yi nasu zama, su faɗi nasu. Su ke kai yara likita, su ke ɗebo ruwa. Su za su faɗi inda ya dace a sa makewayi, da inda mai ciki za ta jira a inuwa.

3. A taka filin da ƙafa. Tsofaffi su nuna inda ruwa ke kwanciya, da inda gara ta yi yawa, da iyakar gonaki.

4. A zana ginin a ƙasa da toka, daidai girmansa. Ba kowa ke gane zanen takarda ba. Amma in aka shata a ƙasa, kowa zai shiga ya tsaya, ya ce nan ya yi ƙunci, ƙofar nan a juya ta.

5. A tuna da rana da hadari. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, saboda haka bangon gabas shi ke son kariya. Tagogi su dubi kudu da arewa, iska ta shiga, rana ba ta shiga ba.

6. A rubuta alkawari. Wa zai kawo yashi? Wa zai kawo ruwa? Wa zai biya magini? Wa zai yi yaɓe kowace shekara? A nan karatunku zai yi amfani. Ku rubuta da hannunku, a karanta a gaban jama'a, a aje takarda ɗaya wajen mai gari, ɗaya wajen magajin gari.

Akwai abin da za a kiyaye. Kada shawara ta zama ta fatar baki, a tara mutane su yi tafi alhali an riga an gama zane. Kada kuma a kira gayya lokacin shuka ko girbi. Mai zanen gini yana da nasa ilimi, ya san nauyin da bango zai ɗauka. A saurare shi, shi ma ya saurare mu.

Ɗan'uwa, in ka gama karantawa, ka karanta wa maƙwabcinka da bai iya ba tukuna. In akwai ginin da kuka yi da shawarar kowa a garinku, ku rubuto mana yadda kuka yi, sauran garuruwa su ji.