Wace Hanya Za A Bi Wajen Sa Masarrafin Hotuna Aikin Lissafi?

Asalin wannan na'ura da ake kira masarrafin hotuna, wadda a yau manyan kamfanonin duniya ke rububin sayenta da dukiya mai tarin yawa, ba don malaman lissafi aka ƙera ta ba, don masu wasannin kwamfuta aka yi ta, waɗanda ba su da wata bukata face hoton da ke gabansu ya riƙa motsi sumul ba tare da gargada ba. Da yake kowane hoto a fuskar kwamfuta tarin ɗigo ne fiye da miliyan, kuma launin kowane ɗigo ana iya lissafa shi ba tare da an jira na maƙwabcinsa ba, sai maƙera suka ga babu hikima a ɗora wannan aiki kan babban masarrafi guda ɗaya komai hazaƙarsa, suka tara ƙananan masu lissafi masu yawa a kan allo guda, kowanne da ɗigon da aka ba shi. Masana kimiyya da suka hango wannan ƙarfi yana zaune a banza, sai da suka riƙa yin hila, suna ɓad da kamar mas'alolinsu su zama tamkar zane kafin na'urar ta karɓa, har zuwa lokacin da wani ɗalibi a Jami'ar Stanford ta Amurka, Ian Buck, shi da abokan bincikensa, suka fito da harshen Brook a 2004. Kamfanin Nvidia ya ɗauke shi aiki, kuma a ƙarshen 2006 ya sanar da tsarin CUDA tare da katin GeForce 8800 mai ƙananan masu lissafi 128. Katin A100 da kamfanin ya fitar a 2020 kuwa yana da 6,912.

To, kafin mutum ya shiga muhawarar wane tsari ya fi wane, wajibi ne ya fara tahƙiƙi a kan mas'alarsa, ko tana daga cikin waɗanda wannan na'ura ke amfana wa. Misalinta shi ne gayya. Idan gona ce mai faɗi za a nome, mutum ɗari za su gama da hantsi abin da gwanin manomi ɗaya zai kwana bakwai yana yi, amma in rijiya ce za a haƙa, wadda ba a kai wa ga kamu na biyu sai an fid da ƙasar na farko, to yawan jama'a ba ya ƙara komai sai surutu a bakin rami. Gene Amdahl, injiniyan kamfanin IBM, ya bayyana wannan ƙa'ida tun 1967: in kashi 10 cikin 100 na aiki ba ya rabuwa, to ko da an tara masu lissafi bila adadin, saurin da za a samu ba zai wuce ninki 10 ba. Bugu da ƙari, su waɗannan ƙananan masu lissafi ba 'ya'ya ba ne masu cin gashin kansu, domin a katin Nvidia ƙungiya-ƙungiya suke tafiya, talatin da biyu a kowace ƙungiya, umarni ɗaya suke bi a lokaci ɗaya. Da marubucin manhaja zai ce, wanda lambarsa ta rabu biyu daidai ya yi tarawa, wanda tasa ba ta rabu ba ya yi ɗebewa, sai rabin ƙungiyar ya tsaya yana jira har 'yan'uwansa su gama, sa'an nan su ma su tsaya masa, a wayi gari an yi asarar rabin ƙarfin da aka saya da tsada. Akwai kuma wahalar jigila, wadda sababbin shiga suka fi gafala da ita, domin katin V100 na 2017 yana ɗibar bayanai daga ma'ajiyarsa wajen gigabait 900 a sakan ɗaya, alhali kuwa mashigar da ta haɗa shi da sauran kwamfutar ba ta wuce gigabait 16 ba, ta yadda wanda ke yawan kai kaya da komowa zai iya tarar da manhajarsa ta fi nawa bayan ya ɗora ta a kan katin.

Idan waɗannan sharuɗɗa sun cika, a nan ne zaɓi ke tasowa, kuma mafi yawan mutane ƙafarsu CUDA take fara nufa. Hujjarsu ba ta da rauni. Abin da ya ɗaukaka CUDA ba fasahar nahawunsa ba ce, domin harshen C++ ne da 'yan ƙare-ƙare; taskokin da aka tara masa shekara da shekaru su ne jarinsa, irin su cuBLAS ta ninka jadawalin lambobi, da cuFFT ta warware igiyoyin sauti da haske, da cuDNN da ta fito a 2014 domin koyar da na'ura, waɗanda injiniyoyin kamfanin suka goge su har mutum ɗaya a ɗakinsa ba ya tsammanin kamo ƙafarsu. A 2012 Alex Krizhevsky, ɗalibin Geoffrey Hinton a Jami'ar Toronto ta Kanada, ya yi amfani da katin wasa guda biyu ƙirar GTX 580 da manhajar da ya rubuta da CUDA, shi da Ilya Sutskever da malaminsu suka lashe gasar gane hotuna ta ImageNet da kuskuren kashi 15 cikin 100, mai bi musu yana da kashi 26, kuma tun daga ranar masu binciken ƙirƙirarriyar basira suka yi tururuwa zuwa wannan tafarki, littattafai da darussa da amsoshin tambayoyi suka taru a kansa. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: mallakar kamfani guda ne, a katinsa aka yi shi ya yi aiki, saboda haka wanda ya zuba shekarunsa a ciki ya miƙa wa Nvidia ikon yanke masa farashi.

Don gudun wannan ƙangi ne kamfanin Apple ya gabatar da OpenCL ga ƙungiyar Khronos, wadda ta fitar da ƙa'idojinsa a Disamba 2008, da niyyar mutum ya rubuta manhaja sau ɗaya ta yi aiki a katin Nvidia da na AMD da na Intel, har ma da wayar hannu. Niyya ce kyakkyawa, kuma ni a ganina ta cancanci sakamakon da ya fi wanda ta samu. Amma duk wanda ya taɓa gwada tara jerin lambobi biyu da shi ya san ɗawainiyar da ke ciki: sai ya tambayi kwamfuta waɗanne dandamali ke gare ta, ya zaɓi na'ura, ya buɗe mata mahalli, ya kafa layin umarni, ya miƙa rubutun lissafin a harhaɗa shi ana tsakiyar aiki, ya jera masa bayanansa ɗaya bayan ɗaya da lambarsu, ya cika shafi guda kafin a tara ko da ɗaya da ɗaya, alhali a CUDA layi ɗaya mai 'yan alamomi uku-uku ya isa a tashi aikin. Wannan ma da sauƙi, tunda abu ne da ake rubutawa sau ɗaya. Babbar musiba ita ce kowane kamfani shi ke rubuta nasa mai fassarar, wani da himma wani da kasala, har manhaja guda ta yi daidai a nan ta yi kuskure a can. Nvidia, wanda ba shi da wata maslaha a bunƙasar kishiyar CUDA, ya daɗe a tsaye kan bugu na 1.2 bayan na 2.0 ya fito a 2013; shi kansa Apple da ya haifi abin ya juya masa baya a 2018, ya ce a koma ga Metal, tsarinsa na kansa. Masu manhajar zane ta Blender, waɗanda ba neman riba suke ba balle a zarge su da son rai, sun cire OpenCL daga injin haskensu a ƙarshen 2021, suka gwammace su kula da hanyar kowane kamfani daban-daban.

Wanda yake son ya ga inda wannan mas'ala ta fi tsanani, sai ya dubi ɗakunan binciken gwamnatin Amurka. A Oak Ridge ta jihar Tennessee an kafa ƙasaitacciyar kwamfuta Titan a 2012, aka bi ta da Summit a 2018, dukansu da katin Nvidia, masana suka yi shekara goma suna daidaita manhajojinsu a kan CUDA. Sai ga Frontier a 2022, ta farko da aka tabbatar ta haura lissafi biliyan sau biliyan a sakan ɗaya, ita kuwa katin AMD ke cikinta, yayin da Aurora ta ɗakin binciken Argonne ta zo da na Intel. AMD ya sauƙaƙa ƙaurar da tsarinsa HIP, wanda ya kwaikwayi CUDA kusan harafi da harafi, ta yadda inda aka rubuta cudaMalloc sai a mai da shi hipMalloc, har da manhajar da ke yin wannan sauyi da kanta. Sai dai sauya suna bai kai ga sauya ɗabi'a ba, domin ƙungiyar masu lissafi a waɗannan katunan na AMD sittin da huɗu ce, kuma duk wanda ya gina dabararsa a kan talatin da biyu sai ya koma ya warware ta. Intel ya rungumi SYCL, wani tsarin na Khronos da ke bin salon C++ na zamani. Su kuwa masana na ɗakin binciken Sandia tun da wuri suka ƙi jingina ga kowa, suka gina Kokkos, wani shamaki da ke tsakanin mai rubutu da na'ura, wanda mutum ke bayyana masa siffar lissafinsa, shi kuma ya mai da shi CUDA ko HIP ko SYCL gwargwadon injin da aka tarar.

Abin da na fahimta daga waɗannan duka shi ne, tambayar da ta fi cancantar a fara da ita ita ce ta tsawon rai, watau shekara nawa ake so manhajar ta yi tana aiki, domin katin hotuna yakan tsufa cikin shekara biyar ko shida, manhajar hasashen yanayi kuwa ko ta binciken ƙwayoyin zarra takan wuce shekara talatin ana gadonta hannu da hannu. Ɗalibin da zai kammala kundinsa cikin shekara biyu, kuma katin Nvidia ne a gabansa, bai kamata ya wahalar da kansa da taƙawar guje wa kamfani ɗaya ba, ya ɗauki CUDA ya yi abin da ya kawo shi. Kai, galibin masu bukata ma ba su da dalilin taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare da hannunsu, tunda PyTorch da makamantansa suna karɓar umarni da harshen Python, su kira taskokin da suka dace a ɓoye, a katin Nvidia ko na AMD ko na Apple. Mai tsohuwar manhajar Fortran da ya gada, wadda ba ya iya sake rubuta ta, yana da rangwame a OpenACC ko OpenMP, inda zai ɗora 'yan layukan ishara a kan wuraren da lissafi ke maimaituwa, ya bar sauran yadda yake. Amma jama'ar da ke gina abin da za su bar wa na baya, su ne shamaki irin na Kokkos ko SYCL ya wajaba a kansu, da sharaɗin su san kuɗinsa tun farko: sai sun ƙware a sassan C++ masu wuyar sha'ani, harhaɗa manhajar zai riƙa cin lokaci, saƙon kuskure ɗaya yakan cika fuskar kwamfuta, kuma duk wata sabuwar dabara da Nvidia ya sa a katinsa za ta iso CUDA tun ranar fitowarta, su kuwa sai sun jira masu kula da shamakin sun shigar da ita.