Daga Wuri Zuwa Dayis Mai Fuska Ashirin: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Duk wanda ya saba bin titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga ya gangara Shagari, ya san wasanni biyu da ke tara jama'a idan rana ta yi sanyi. Akwai dara, wasan dattawa: gurabu 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wannan ya tsinci tsakuwa, wancan ya kakkarya kara. A dara babu sa'a, kanka ne jarinka. Sai kuma lido, na samari da yara da matan gida, inda komai gwanintarka ba ka fita gida sai ƙwayar nan mai ɗigo-ɗigo ta ba ka shida. Wannan ƙwaya, wadda ake kira dayis, ita ce zancenmu. Yawancinmu mai fuska shida kaɗai muka sani, alhali akwai mai fuska 4, da 8, da 10, da 12, har da 20, kuma akwai mutane a duniya da ke tara su kamar yadda uwar amarya ke tara kwanukan jere.

Abin bai kai baƙuntar da ake zato ba. Lidon da muke yi an yi masa rajista ne a Ingila a 1896, amma asalinsa wani wasan Indiya ne mai suna pachisi, kuma Indiyawa da wuri suke yinsa: a watsa wuri shida ko bakwai, a ƙirga waɗanda suka faɗi baki sama, a yi tafiya gwargwadon haka. Wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwannin daular Usmaniyya, shi ne dayis a wata ƙasar. Girkawa da Rumawa da ƙashin idon sawun tumaki da awaki suka riƙa yi, saboda yana iya faɗuwa ta gefe huɗu. A kufan birnin Ur na ƙasar Iraƙi an tono allon wasa mai shekara kusan 4,500 da ake yi da dayis mai fuska huɗu, yana nan ajiye a babban gidan tarihin Birtaniya da ke Landan. Shi kansa mai fuska 20 an samu irinsa na dutse a Masar, an sassaƙa masa haruffan Girkanci, ya kai shekara 2,000.

Abin da ya farfaɗo da su a zamaninmu shi ne wani wasa da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, mai suna Dungeons & Dragons. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce a tuna tatsuniyar dare. Mutum ɗaya ne ke riƙe da labari, amma masu sauraro ba shiru suke yi ba, kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi. Wannan maharbi ne, wancan ɗan sarki, waccan mai magani. Mai labari ya ce kun iso bakin rijiyar da Dodo ya hana ɗiba, me za ku yi? Maharbi ya ce zan ɗana kibiya. To, ya same shi ko ya kuskure? Ba mai labari ne zai yanke ba, don kada a ce ya yi son kai. Sai a jefa dayis mai fuska 20, a haɗa abin da ya fito da ƙarfin da aka rubuta wa maharbin tun farko, idan ya kai adadin da aka gindaya, kibiya ta shiga. Ke nan dayis alƙali ne a teburin. Wannan ne ma'aunin da ya kamata mai saye ya riƙe, domin alƙali ba a zaɓensa don kyan riga.

Cikakken jerin da ake sayarwa guda bakwai ne. A jikin kwali za ku ga an rubuta d4, d6, d8, d10, d12 da d20, lambar tana nuna yawan fuskoki. Na bakwai ɗin shi ma mai fuska 10 ne, sai dai an rubuta masa 00, 10, 20 har zuwa 90. Idan aka jefa shi tare da ɗan'uwansa mai 0 zuwa 9, sai a sami lamba tsakanin 1 da 100: 70 da 3 ya zama 73, 00 da 0 kuwa 100 ke nan. Biyar daga cikinsu, wato masu fuska 4, 6, 8, 12 da 20, su ne kaɗai siffofin da ke da fuskoki da kusurwoyi iri ɗaya sak ta kowane gefe, kuma masana lissafin Girka sun tabbatar tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS) cewa babu na shida. Mai fuska huɗu shi ke ruɗa sabon shiga, don ba shi da fuskar da ke kallon sama. Ana karanta lambar da ta tsaya daidai a tsininsa, ko a gindinsa a wasu ƙirar. Kuma kada a bar shi a ƙasa, wanda ya taka shi ba takalmi zai ɗauka tsidau ya taka.

Idan dayis ya zo hannunku, fara da ƙirga. A mai fuska shida na ƙwarai, kowace fuska da kishiyarta suna haɗuwa su ba da 7: 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4. A mai fuska 20 jimlar 21 ce, kuma ana warwatsa manyan lambobi cikin ƙanana, domin ko da gefe guda ya ɗan fi nauyi, kada alheri ya taru wuri ɗaya. Akwai wani mai fuska 20 da lambobinsa ke jere bi da bi, 20 kusa da 19, 19 kusa da 18. Wannan na ƙirga maki ne a wasan kati, ba na jefawa ba ne, kuma mai wayon hannu yana iya mirgina shi ya faɗi inda yake so. A duba kuma ko an ja layi ko an sa ɗigo a ƙarƙashin 6 da 9, in ba haka ba gardama ba ta ƙarewa.

Sai batun nauyi, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Yawancin dayis na roba zuba su ake yi a mazubi, sannan a juya su cikin injin goge har kusurwoyinsu su yi sumul. Gugar ba ta cin kowane gefe daidai, kuma wani lokaci iska kan maƙale a ciki ta bar rami. Gefen da ya fi nauyi shi zai fi kwanciya ƙasa, lambar da ke kishiyarsa ta riƙa fitowa fiye da rabonta. Wanda ake hango cikinsa kamar gilashi ya fi sauƙin bincike, a ɗaga shi a hasken rana, in akwai kumfar iska za a gan ta. Wanda ba a hango cikinsa kuwa, ga dabara: a zuba gishiri mai yawa a kofin ruwan ɗumi, a motsa har ya daina narkewa, a saka dayis ɗin. In ya taso, a riƙa taɓa shi da yatsa yana juyawa. Idan kullum lamba ɗaya ce ke dawowa sama, cikinsa ba daidai yake ba. Na ƙarfe da na dutse nutsewa za su yi, su sai gwajin haƙuri. A jefa mai fuska shida sau 120 ana rubutawa. Kowace lamba ana sa ran ta fito wajen sau 20. Idan wata ta fito sau 16, wata 24, babu komai, haka sa'a take. Idan wata ta haura 35, a maimaita gwajin, in ta sake a ajiye shi gefe. Mai fuska 20 yana bukatar jifa ɗaruruwa kafin a yi masa shaida, tun da rabon kowace lamba kashi 5 ne kacal cikin 100.

Ni dai shawarata ga mai farawa, ya sayi na roba mai launi ɗaya, lambobinsa manya, farare a kan baƙi ko baƙaƙe a kan fari. Masu ƙyalƙyali da aka cusa wa fure ko garin zinariya a ciki suna da daɗin kallo a hoton waya, amma ranar da aka ɗauke wuta ana wasa da tocila, babu mai iya karanta su. Na ƙarfe yana da nauyi mai gamsar da hannu, ba ya tsufa da wuri, sai dai yana fasa gilashin allon lido, yana kuma tona tebur. Na dutse mai daraja shi ya fi tsada, shi ya fi saurin ɓantarewa, faɗuwa ɗaya a kan siminti ta isa. Irin waɗannan galibi ta intanet ake odarsu, kuma mafi yawansu ƙirar ƙasar Sin ne, don haka a karanta girman da aka rubuta kafin a biya: mai fuska shida na yau da kullum milimita 16 ne, akwai kuma 'yan mitsi-mitsi da hoto ke kumbura su. A cikin gida Nijeriya ma harkar wasannin tebur ta fara kafuwa. Kamfanin NIBCARD na Kenechukwu Ogbuagu a Abuja yana ƙera wasanni, yana shirya taron masu wasannin allo na Afirka, kuma a 2021 ya karɓi lambar yabo ta Diana Jones, wadda ake ji da ita a wannan fage.

Ajiya kuwa, mu ne muka fi kowa kayan aiki. Zafin bazarar Sakkwato yana haura digiri 40, rana kuma tana mayar da roba mai haske rawaya, wadda ba ta bushe da kyau ba tun daga masana'anta ma ta yi laushi. Kada a bar su a gaban mota ko a bakin taga. A kai wa baduku ya ɗinka 'yar jaka da fatar jar akuyar nan tamu da duniya ta san da zamanta, na ƙarfe daban, na roba daban, don kada su goge juna. Faifai ko akushi da aka shimfiɗa wa ƙyalle ya isa wurin jifa. A kuma nesanta su da yara ƙanana, domin girmansu girman alewa ne.

A ƙasar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna ya karantar a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana Boɗinga, ba a zancen dayis a tsallake hukuncinsa. Caca dai haramun ce da nassin Alƙur'ani a Suratul Ma'ida, ko naira ɗaya aka aza ta zama caca. Bayan wannan, akwai hadisai a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihu Muslim da suka yi hani ga nardu, wani tsohon wasan Farisawa da ake yi da dayis, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta hana shi. Malamai da yawa sun sa duk wasan da ya dogara da jefa dayis a wannan sahu, ko da babu kuɗi a ciki. Wasu kuma suna ganin illar tana ga caca da shagala daga salla. Magana ce mai nauyi, ba ta wanda zai yanke wa kansa don abin ya ba shi sha'awa ba. Mai niyyar saye ya fara zuwa gaban malaminsa, ya bayyana masa yadda wasan yake dalla-dalla, sannan ya san abin yi.

Inda nake ganin amfaninsu ƙarara shi ne aji. Ɗaliban sakandare suna haɗuwa da tambayoyin dayis a lissafin yiwuwar aukuwar abu, a jarrabawar WAEC da NECO, da yawansu kuma haddace amsa suke yi ba su taɓa gwadawa da hannu ba. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, kafin siyasa ta kai shi shugabancin ƙasa a 1979, malamin makaranta ne a Sakkwato da Argungu, kuma ya tsara Waƙar Nijeriya ne da Hausa don ilimin ƙasa ya shiga kan jama'a ta hanyar da suka saba. Malamin lissafi a garinsa yana iya bin wannan sawu da kayan da ba su fi cikin aljihu ba. Ya raba aji biyu, ya ba rukuni ɗaya mai fuska 12 guda, ɗaya rukunin ya ba su masu fuska shida guda biyu, kowa ya jefa sau 100 ya rubuta a allo. Na farko za su ga lambobinsu sun watsu kusan daidai daga 1 zuwa 12. Na biyu ba za su taɓa ganin 1 ba, kuma 7 za ta yi musu tudu a tsakiya, domin cikin hanyoyi 36 da dayis biyu ke iya faɗuwa, 6 suna ba da 7, ɗaya tak ke ba da 12. Daga nan sai ya tambaye su abin da kowane ɗan lido ke son sani: da dayis biyu, sau nawa ake sa ran ganin aƙalla shida ɗaya? Su ƙirga da kansu a allo, za su tarar 11 ne cikin 36.