Mota Tana Kik Amma Ta Ƙi Tashi: Ina Matsalar Take?

Da sanyin safiya maigida ya shiga mota, yara a baya da jakunkunan makaranta. Ya murɗa makulli, inji ya yi ta gurnani yana juyawa, amma ya ƙi kamawa. Kafin wani lokaci maƙwabta sun taru, wannan ya ce a tura, wancan ya ce kwamfuta ce ta ƙone. Yawancin kuɗin da ake asara a irin wannan hali wajen sayen kayan da lafiyarsu lau suke tafiya, domin an yi cinta maimakon bincike. Rashin sani ya fi dare duhu.

Duwatsun murhu uku

Injin fetur na mota yana bin tsarin zagaye huɗu wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya kammala a 1876: fistan ya zuƙo iska da mai, ya matse su, filogi ya ba da tartsatsi su kama wuta su tunkuɗa fistan, sa'an nan a fitar da hayaƙi. Ke nan inji yana zaune ne a kan abubuwa uku, kamar tukunya a kan murhu: mai gauraye da iska, da tartsatsi a kan lokaci, da matsi. In ɗaya ya kauce, kik zai yi ta juya inji a banza.

A yawancin motocin da, kamar Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna daga 1975, kabureta ce ke gauraya mai da iska. A 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin lantarki mai fesa mai a motar Volkswagen 1600, kuma sannu a hankali shi ya maye gurbin kabureta. A wannan tsari famfo ne ke turo mai daga tanki da matsi, injekta ta fesa shi ƙanana-ƙanana, kwamfutar mota kuwa ita ke yanke yawan da za a fesa. Injin da ya ɗumama yana son giram 14.7 na iska ga kowane giram 1 na fetur, mai sanyi kuwa yana son mai fiye da haka.

A fara da kunne da ido

Jin yadda inji ke juyawa shi ne gwaji na farko. In yana juyawa da nauyi, fitilu suna dusashewa, to batir ya yi sanyi. Cikakken batir yakan nuna bolt 12.6, kuma in ƙarfinsa ya faɗi ƙasa da bolt 10 lokacin kik, kwamfuta tana iya kasa aiki ko da inji yana motsi. In kuwa inji yana juyawa da ƙarfinsa, turi ba zai yi magani ba, domin abin da turi zai yi kik ya riga ya yi shi.

Daga nan sai a murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama, ba tare da kik ba. A yawancin motoci za a ji wani siririn ƙugi daga wajen tanki na kamar daƙiƙa 2. Famfo ne yake tara matsi. In an ji shiru, a duba fis da rile na famfon tukuna, domin su ne masu araha. A lura kuma da fitila mai hoton makulli: in tana ta ƙiftawa, na'urar hana sata ba ta gane makullin ba, ita ce ta hana mai ko wuta. Sai a jarraba ɗaya makullin.

Mai

Ƙugin famfo bai isa shaida ba. Injin da ke fesa mai a bakin bawul yana bukatar matsi wajen bar 3, wanda ya fi na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota, kuma ma'auni ne kaɗai zai tabbatar da shi. Famfon da ya gaji ko filtar da ta toshe suna iya turo mai ba tare da isasshen matsi ba. Fetur ne ke sanyaya famfon da ke cikin tanki, saboda haka al'adar yawo da tanki kusan wayam tana rage masa kwana. Man 'yan bumburutu kuma, in an gauraya shi da kananzir ko ruwa ya shige shi, yakan hana inji tashi.

Yawan mai shi ma cuta ne. In sensar zafin ruwan inji ta lalace, tana iya gaya wa kwamfuta cewa ana muku-mukun sanyi, sai a yi ta zuba mai har filogi su jiƙe. Alamarsa warin fetur. A motoci da yawa, danne totur har ƙasa lokacin kik yakan sa kwamfuta ta tsayar da fesawa har silinda su bushe.

Tartsatsi

Koyil yana ɗaga bolt 12 na batir zuwa dubbai masu yawa domin wuta ta tsallaka bakin filogi. Amma kwamfuta ba ta ba da wutar sai ta san inda fistan yake. Mai gaya mata wata sensa ce da ke kallon faifai mai haƙora a jikin karanshaf. A injuna da yawa faifan yana da gurbin haƙora 60, an cire 2 domin giɓin ya zama alamar farkon zagaye. In wannan sensa ta mutu, kwamfuta za ta ɗauka inji a tsaye yake, ta hana wuta ta hana mai. Don haka in aka rasa su biyun tare, ita za a fara tuhuma, da wayoyinta, kafin a taɓa kwamfuta.

Matsi

In inji yana juyawa da sauri fiye da yadda ya saba, ba nauyi, wataƙila bel ɗin taimin ya tsinke ko ya tsallake haƙori. Shi ne ke sa kamshaf ya zagaya sau 1 duk lokacin da karanshaf ya zagaya sau 2, domin bawul su buɗe su rufe a kan kari. A nan wajibi ne a daina kik, domin a wasu injuna fistan yakan doki bawul ya lanƙwasa su.

Tambayar kwamfuta

Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a ƙasar tsarin binciken kai mai suna OBD-II, kuma yawancin motocin tokunbo suna ɗauke da shi ko makamancinsa. In aka jona na'urar karatu a ƙarƙashin sitiyari, takan nuna lamba, misali P0335, wadda ke nuni da layin sensar karanshaf. Lambar layi ta nuna kawai: laifin yana iya zama waya ce ɓera ya ci.

Hattara

Kada kik ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 ba hutu, domin yakan yi zafi ya ƙone. Bututun mai yana riƙe da matsi ko an kashe mota, saboda haka ba a kwance shi kusa da taba ko wuta. Zuba fetur a maƙogwaron inji, kamar yadda ake yi wa kabureta, yana iya jawo gobara. Ɗalibin da ya bi wannan tsari zai ga cewa irin abin da ake koya masa ne a ɗakin gwaji: a lura, a yi zato, a gwada abu ɗaya a lokaci ɗaya, a kuma fara da mafi sauƙi.