Idan lifta ta mutu: halin da masu lalura ke ciki a benayen Wangsa Maju

Yawancin hotunan da muke aika wa 'yan'uwa daga Kuala Lumpur na tagwayen benayen Petronas ne, shi ya sa a gida ake ɗaukar Malesiya ƙasar da komai ke aiki. Gaskiya abubuwa da yawa suna aiki. Amma daga tashar KLCC da ke gindin waɗancan benaye, tasha 7 kacal jirgin LRT zai yi ya sauke ka a Wangsa Maju, unguwar da nake zaune, inda akwai mutanen da kan yi makonni ƙafarsu ba ta taka ƙasa ba. Ba laifi suka yi aka tsare su ba. Gidansu na saman bene ne, jikinsu ba ya iya hawa matakala, lifta kuma ta mutu ana jiran masu gyara.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Ina ƙarin karatu a nan, a ƙarshen mako kuma nakan bi wasu abokan karatuna 'yan ƙasar zuwa duba marasa lafiya a gidajensu, aikin sa-kai. Abin da na gani a wannan zirga-zirga ne zan kawo muku. Ba zan faɗi sunan kowa ko na gininsa ba, saboda amanar aiki.

Gidajen da ake magana a kai

Wangsa Maju tsohuwar gonar roba ce da aka mayar unguwa a shekarun 1980. Gidajen masu ƙaramin ƙarfi a nan iri biyu ne. Akwai tsofaffin benaye masu hawa biyar, irin na Seksyen 1 da Seksyen 2, waɗanda tun asali babu lifta a cikinsu, sai matakala. Akwai kuma dogayen benaye na shirin gwamnati da ake kira PPR, wato Program Perumahan Rakyat, wanda ya kankama daga 1998 domin kwashe mazauna unguwannin share-wuri-zauna. Irinsu akwai PPR Wangsa Sari da PPR Desa Rejang a wannan yanki na Setapak. Bene ɗaya yakan kai hawa 17 ko 18, kowane gida ɗaki uku ne, kuɗin haya kuma ringit 124 a wata, wanda shekara da shekaru bai canja ba. 'Yan ƙasa kaɗai ke da haƙƙin samu.

A birnin da hayar ɗaki ɗaya tal ta ninka wannan kuɗi sau da yawa, gidan PPR babban rabo ne, kuma wanda ya samu ba ya saki. To nan ne matsalar take. Mutum ya shiga yana ɗan shekara 40, da ƙarfinsa, aka ba shi hawa na 14 ya yi murna da iska. Yau ya haura 60, ciwon suga ya ci ƙafa ɗaya, gidan kuwa yana nan inda yake. Binciken lafiya na ƙasa na 2019 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar na manyan Malesiya yana da ciwon suga. Duk wanda ya san asibiti ya san abin da ke biyo baya: yanke ƙafa, ciwon ƙoda, makanta, shanyewar ɓarin jiki. Akan ware 'yan gidaje a ƙasa domin masu lalura, waɗanda a nan ake kira OKU, amma sun yi kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da masu nema.

Abin da jinkirin gyara ke yi wa jiki

A takardar ofis, mutuwar lifta matsalar inji ce. A wurinmu ma'aikatan jinya, matsalar magani ce, domin duk abin da likita ya rubuta wa mara lafiya sai ya bi ta cikin liftar nan.

Akwai wani dattijo da muke dubawa a hawa na 14, ana yi masa wankin ƙoda sau uku a mako, kowane zama kamar awa huɗu. Lifta uku ce a gininsu. Biyu sun shafe makonni a rufe da takardar ban haƙuri manne a ƙofa, ta ukun kuma yau ta yi aiki gobe ta ƙi. Ranar da ta ƙi, ɗansa da samarin maƙwabta ne ke ɗora shi a kujerar roba su sauko da shi hawa-hawa, suna hutawa a kowace kwana. Wata ranar aiki samarin duk sun fita nema, ya rasa mai sauko da shi, wankin ya wuce shi. Mai wankin ƙoda idan ya tsallake zama, ruwa yakan taru a huhunsa, sinadarin fotashiyam ya hau a jini, wanda kan iya tsayar da zuciya ba sallama. Da numfashi ya fara yi masa wuya cikin dare, 999 aka kira, 'yan kwana-kwana suka taya ma'aikatan motar asibiti sauko da shi. Allah ya yi da sauran kwana. Matarsa ta gaya mini cewa yanzu kafin ta duba maganinsa da asuba, lifta take fara zuwa dubawa.

Wata baiwar Allah kuma tana hawa na huɗu a ɗaya daga cikin tsofaffin benayen da ba su da lifta. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Watannin farko bayan irin wannan ciwo su ne lokacin da gashi da motsa jiki suka fi yin amfani, amma sauko da ita aiki ne na maza biyu, don haka ranakun gashinta suka riƙa wucewa. Hannun ya fara ƙandarewa. 'Yarta ta nuna mini kwafin takardun neman a sauya musu gida zuwa ƙasa, duk da hatimin an karɓa, amsar kuma kullum ita ce suna cikin layi.

Ba lifta kaɗai ba ce. Wani matashi da hatsarin babur ya taɓa wa laka, keken guragunsa ba ya shiga ƙofar banɗaki, ga kuma ɗan tudun da ake yi a bakin ƙofa don tare ruwa. Mahaifiyarsa ce ke goge masa jiki a kan gado. Sai ga yoyo daga banɗakin gidan sama yana ɗiga kusa da gadon, katifa kullum da danshi. Mai irin lalurarsa ana so a juya shi duk bayan awa biyu, fatarsa kuma ta zauna a bushe, in ba haka ba gyambo ya ɓulla a ƙugu. Ya kuwa ɓulla. Yoyon da mai gyaran famfo zai toshe a yini guda ya ja mana wankin ciwo na watanni.

Me ya sa gyara ke daɗewa?

Na yi wannan tambaya ga masu gyaran lifta da shugabannin mazauna, kuma amsoshin sun yi kama da juna. Liftocin sun tsufa, wasu sassan ba a samunsu a kasuwa sai an yi odarsu daga waje. Ana kuma wahalar da su fiye da ƙima: gini ɗaya ɗaruruwan iyalai, wani ya shiga da babur don tsoron ɓarayi, wani ya tokare ƙofa da kaya, yara su ɓalle maɓallai, ɓata-gari su yanke wayoyi. Idan biyu suka mutu, nauyin duka ya koma kan ta ukun, ita ma ba ta daɗewa.

Sai maganar kuɗi da ta wa ke da alhakin gyara. Gidajen PPR na haya a birnin suna hannun hukumar birni, DBKL, wadda ita ma ke kukan bashin haya na miliyoyin ringit da take bin mazauna. Benayen da aka sayar wa mazauna kuwa suna ƙarƙashin dokar kula da gidajen bene ta 2013, wadda ta ɗora kula da lifta da rufi da magudanai a kan kwamitin masu gidajen, da kuɗin da kowa ke biya duk wata. A unguwar talakawa da yawa ba sa iya biya, asusu ya bushe, sauya lifta guda kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne. Mazaunin hawa na ɗaya yana ganin bai ga dalilin biyan kuɗin liftar da ba ya hawa ba, na hawa na 14 kuma shi ke kwana a ciki.

Akwai wani abu kuma da zai ba mutanen gida mamaki. Kuala Lumpur ba ta da zaɓaɓɓen kansila ko shugaban ƙaramar hukuma. An dakatar da zaɓen ƙananan hukumomi a Malesiya tun 1965, dokar 1976 ta soke shi, magajin garin kuma naɗa shi ake yi. Saboda haka mai kuka kan lifta, bayan ofishin gini, sai dai ya nufi ofishin ɗan majalisar tarayya na mazaɓar Wangsa Maju, ko ya ɗauki bidiyo ya sa a Facebook ko TikTok. Mazauna da yawa sun yi imani cewa bidiyon ya fi takarda saurin kawo masu gyara.

Abin da ya fi damuna shi ne layin gyara bai san mara lafiya ba. Ƙorafin ginin da ke da masu wankin ƙoda da na ginin da ba shi da ko ɗaya, lamba ɗaya ake ba su. A asibiti muna tantance wanda ya fi jin jiki mu fara da shi. Da ofisoshin gine-gine za su ajiye jerin gidajen da ke da mai keken guragu ko mai wankin ƙoda ko mai kwance, su riƙa fara gyara daga nan, da an rage wahala ba tare da an ƙara ko sisi a kasafi ba.

Doka tana nan, amma…

Malesiya tana da dokar masu lalura ta 2008, ta kuma amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2010. Sashe na 26 na dokar ya ba su haƙƙin shiga da amfani da gine-ginen jama'a daidai da kowa. Akwai ma ma'aunin gini, MS 1184, da ya fayyace yadda gangaren keke da ƙofa da banɗaki za su kasance. Sai dai dokar ba ta tanadi hukunci ga wanda ya saɓa ba, shi ya sa ƙungiyoyin masu lalura suka daɗe suna neman a gyara ta, don a yanzu kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaƙushi. Inda aka ɗan samu sauƙi shi ne a benayen da aka sayar: ƙa'idojin 2015 sun ce idan aka kai ƙorafin yoyo daga gidan sama, masu kula da gini su duba cikin kwana 7, kuma akwai kotun sauraron ƙorafin gidajen bene da mutum zai iya zuwa da kansa ba sai da lauya ba. Da yawa daga iyalan da muke dubawa ba su taɓa jin wannan ba sai da aka gaya musu.

Namu rabon

Kada mu ce wannan matsalar Malayawa ce. Ɗalibanmu da ke karatu a Jami'ar Musulunci ta Gombak da sauran makarantu sun cika Setapak da Wangsa Maju da Taman Melati, kuma da yawa suna kama haya a saman tsofaffin benayen nan saboda araha. Wani ɗan'uwanmu ya kawo mahaifiyarsa aikin gwiwa, ya sauke ta a gidansa na hawa na huɗu. Da aka sallamo Hajiya daga asibiti ne aka tsaya cirko-cirko a gindin matakala. Sai da jama'a suka yi karo-karo aka kama mata ɗaki a wani gini mai lifta. Duk mai shirin kawo tsoho ko mara lafiya, kafin ya biya kuɗin haya ya je da kansa ya ƙirga liftoci, ya tambayi maƙwabta yaushe rabon da su mutu da kwana nawa gyaran ya ɗauka, ya kuma auna ƙofar banɗaki.

A gida ma gemun maƙwabci ne ya kama da wuta. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu lalura a Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Tamu dokar ma ta fi ta nan haƙori a takarda, domin ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, da naira miliyan ɗaya ga kamfani. Duk wanda ya je sakatariya ko banki ko masallacin Juma'a a garinsu kwanan nan, shi zai faɗa mana ko an gyara.

Abin da ke hannunmu kai tsaye shi ne gidajen da muke aika kuɗi ana gina mana a Kano da Katsina da Zariya da Maraɗi. Mukan ɗaga dandamali sosai saboda ambaliya, mu jera matakala uku ko huɗu masu santsin tayil, mu ƙuntata ƙofar banɗaki, mu kai ɗakin maigida sama. Iyayenmu ne za su fara zama a gidajen nan, mu kuma mu tsufa a ciki. Tun ana aikin tubali a gaya wa magini ya bar ɗaki ɗaya da banɗakinsa a ƙasa, ƙofofin su kai faɗin santimita 90, kada a yi tudu a bakin banɗaki, a sa masai na zama da ƙarfen riƙewa a bango. A gefen matakalar shiga kuma a yi gangare mai sauƙi: duk tsayin santimita 10 a ba shi tsawon santimita 120. Kuɗin wannan a lokacin gini bai taka kara ya karya ba, amma fasa bango daga baya, ga mara lafiya a kwance, wahala ce biyu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yana rayuwa da babbar lalura, kuma yawancin waɗanda nake dubawa ba da ita aka haife su ba. Idan akwai mai keken guragu ko tsoho a saman ginin da kake zaune, karɓi lambar wayar iyalinsa yau, ka ba su taka, domin ranar da lifta ta tsaya su san wanda za su kira. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu gama da ƙafafunmu lafiya.